An bar jaki ana dukan taiki: maganar ralantin tsohuwar tarakta

Yau maganarmu bisa wani ɗan ƙarfe take, wanda tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba. Makanikai suna ce masa bis ɗin ralanti. Yana jikin karburata, wadda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira kafireta. Ralanti kuwa shi ne tafiyar inji a hankali, lokacin da aka tada tarakta tana tsaye, ba a ba ta wuta ba.

Duk sa'ad da tsohuwar tarakta ta fara tari, ko tana mutuwa da kanta, abu na farko da direba ke yi shi ne ya ɗauko turnabis ya murɗa wannan bis. In ya gaji, yaronsa ya karɓa ya murɗa. Mai wucewa ma ya tsaya, ya ba da tasa shawara, ya sa hannu. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a tana ci mana kuɗi, tana kashe mana injuna, wani lokaci har tana taɓa lafiyar mutane. Bis ɗin nan shi ya kamata a taɓa daga ƙarshe. Kuma mutum ɗaya ya kamata ya taɓa shi, yana ƙirgawa, yana rubutawa.

Da farko mu rarrabe, don kada wani ya je yana neman abin da babu. Ba kowace tarakta ke da karburata ba. Mai shan isansi, wato fetur, ita ke da ita. Mai shan gazuwal ba ta da karburata, ba ta da buji. Famfo gare ta mai fesa mai da ƙarfi, kuma galibi an ɗaure bis ɗinsa da ƴar waya da dalma don kada a taɓa. Wannan aikin gwani ne mai kayan awo. Yawancin taraktocin da ke aiki a ƙasarmu yau na gazuwal ne. In kana shakka, dubi gefen injin. In ka ga wayoyi masu kauri suna zuwa kan buji, to mai isansi ce.

Tarakta mai karburata tsohuwa ce, ta girmi yawancin masu tuƙa ta. A garin Kobentiri na ƙasar Ingila an ƙera ƙaramar Ferguson mai launin toka daga 1946 zuwa 1956, fiye da guda 500000. A Amurka an yi Ford 8N daga 1947 zuwa 1952, ita ma ta haura 500000. Massey Ferguson 135, wadda aka fara a 1964, ta fito iri biyu, da mai isansi da mai gazuwal. Daga wannan zamani gazuwal ya yi ta rinjaye. An ƙera waɗannan injuna don ƙaramin manomi ya iya kula da abinsa da ƴan kayan aiki kaɗan, shi ya sa har yau wasu ke numfashi.

To, wani zai ce: in taraktocin kaɗan ne, mene ne na ɓata takarda? Amsa ita ce karburata ba ta tafi ko'ina ba. Tana jikin injin ban-ruwa na masu albasa a Galmi da kwarin Tarka da Magiya. Tana jikin na masu lambu a Gulbin Maraɗi da kewayen Ƙwanni da Mirya. Tana jikin ƙaramin injin huɗa mai ƙafa biyu, da injin wutar lantarki, da yawancin baburan da muke hawa. Abin da za a faɗa bisa tarakta ya shafe su duka, sai ɗan bambancin da za mu ambata.

Aikin karburata damu ne. Tana gauraya isansi da iska kafin su shiga cikin inji su ƙone. Kowace mace ta san in ruwa ya yi yawa fura ta tsinke, in ya yi kaɗan ba ta shayuwa. Haka inji yake. Kilo 1 na isansi yana buƙatar iska wajen kilo 15 don ya ƙone sarai. In aka auna da lita, lita 1 ta isansi tana tafiya da iska wajen lita 9000. Ku riƙe wannan lamba, za mu komo gare ta.

A wajen ralanti bis biyu ne, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Na ɗaya yana tokare ƴar ƙofar da ke cikin maƙogwaron karburata, don kada ta rufe ruf. In ka shigar da shi, ƙofar ta ƙara buɗewa, inji ya ƙara gudu. In ka fitar da shi, gudu ya ragu. Ba ya gyara damu, gudu kaɗai yake sakewa. Na biyu yana da tsini kamar allura, da ƴar waya mai murɗi a wuyansa. Shi ne mai daidaita yawan mai da iska. A tsofaffin taraktoci da yawa, irin Ferguson da Ford da muka ambata, iska yake tsarewa, saboda haka in ka shigar da shi mai ne ke ƙaruwa. A ƙananan injunan ban-ruwa da yawa kuwa mai yake tsarewa, in ka shigar da shi mai ya ragu. Kun ga wanda ya koya a jikin injin lambu, ya zo ya yi ma tarakta haka nan, ya yi aikin baibai yana tsammanin gyara yake. A wasu taraktocin akwai ma bis na uku, babba, na lokacin da ake jan garma. Wannan ba na ralanti ba ne, a ƙyale shi.

Yanzu ga tambayar da nake so kowane direba ya yi ma kansa. Jiya tarakta tana tafiya lafiya, yau tana tari. Wa ya murɗa bis da dare? Babu kowa. Wayar da ke wuyansa an sa ta ne don ta hana shi motsi. In bis bai motsa ba amma inji ya sake hali, to wani abu dabam ne ya sake. Wanda ya fara da bis ya bar jaki yana dukan taiki.

Jakin, sau da yawa, ƙura ce. Mun ce kowace lita tana jan iska lita 9000. A ƙasarmu wace iska ce? Ta hunturu mai hazo, ta bazara mai guguwa, da wadda garma ke tayarwa a busasshiyar gona. Duk sai ta bi ta matatar iska. A tsohuwar tarakta matatar tana da ɗan kwano a ƙasa mai ɗauke da man inji, ƙura na faɗawa ciki tana zama laka. In kwanon ya cika, iska ba ta wucewa yadda ya kamata, mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fito. A lokacin ƙura kullum ake sauke kwanon nan, a wanke, a zuba mai zuwa daidai layin da aka zana. Aikin minti 10 ne. Amma na ga inda aka cire matatar gaba ɗaya aka ajiye, wai don inji ya sha iska. Ya sha iska kam, ya sha rairayi kuma, rairayin yana cin cikin inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba.

Jaki na biyu man da muke zubawa ne. Isansin da ake saye a kwalba a bakin hanya ya bi jarka, ya bi durom, ya bi mazurari. Wani da ruwa, wani da tsatsa, wani an ƙara masa kananzir. Kafar da man ralanti ke bi a cikin karburata ba ta fi kafar allura ba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe ta. Ƙarƙashin tankin tsohuwar tarakta akwai ɗan kofin gilashi. An sa shi don ka gani da idonka: ruwa ya fi isansi nauyi, yana kwantawa ƙasa tare da datti. Wanda ba ya duban wannan kofi kowace safiya bai cancanci riƙe turnabis ba. Sai kuma man da ya kwana cikin karburata tun daga kaka har bazara. Yana bushewa, ya bar wani abu kamar ƙaro a cikin kafofi. Shi ya sa injin da aka ajiye lafiya yake ƙin tashi ranar da aka fi buƙatarsa. Maganin wannan shi ne ranar ajiyewa a rufe famfon mai, a bar inji ya shanye na cikin karburata har ya mutu da kansa.

Bayan waɗannan akwai buji da ya yi baƙi, da wayar wuta da ta tsage, da wurin da karburata ta haɗu da inji in ya saki yana shan iska ta gefe. Kowane ɗaya yana kawo tari irin na ralanti.

Me ke faruwa in aka bar waɗannan aka murɗa bis? Direba ya ɗaga gudu don inji ya daina mutuwa. Ciwo yana nan, an dai rufe shi da zane. Inji yana ihu a tsaye, giya tana ƙara in za a sa ta, haƙoranta suna cinyewa. In kuma mai aka ƙara, wanda bai ƙone ba yana wanke man inji daga bangon da fistin ke bi, ya gangara ƙasa ya tsinka man. In an rage mai fiye da kima, inji ya yi zafi, yana atishawa ta karburata, yana mutuwa da an ba shi wuta. Mafi muni shi ne mai ɗaure bis da ƙarfi. Tsinin na tagulla ne, mai taushi. In ya lanƙwashe ko ya yi zobe, ba zai ƙara daidaituwa ba, sai an nemo wani. A ina za ka samo tsinin karburatar da aka ƙera a 1950?

Mu yi lissafi, tun da yanzu mun iya. A ce tarakta tana ɓarnar rabin lita a kowace awa saboda matata ta toshe kuma an ɗaga gudu. Misali ne na kawo, wata ta fi haka, wata ba ta kai ba. Aikin awa 8 a yini, lita 4 ke nan. Kwana 30, lita 120. A shekarar 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga 540 zuwa 499, wato kusan dala 100. Lita 120 ta tashi wajen jika 60. Kowa ya san buhun hatsi nawa ke nan a kasuwar garinsu. Kuma zamanin man banza ya wuce. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, na kwalba ya daina araha irin ta da. Matatar mai ta Damagaram tana aiki tun 2011, amma duk da haka a watan Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai.

Wa ke biyan wannan ɓarna? A wurare da yawa mai gona ne ke sayen mai, ya kuma biya kuɗin haya. Direba ba ya jin zafi a aljihunsa. Saboda haka ina ganin mai gona yana da ikon ya dubi hayaƙi ya yi magana. Ba rashin kunya ba ne ka ce ma direba: malam, a duba matatar nan kafin a shiga gonata. Hayaƙi ba ya ƙarya. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, man inji ne ke ƙonewa, inji ya tsufa, kuma babu bis ɗin da zai gyara shi. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi, ana zargin ruwa ya shiga inda bai kamata ba, sai a kira makanike.

In an wanke matata, an zubar da dattin kofi, an goge buji, an ɗaure inda ya saki, amma ralanti bai zauna ba, to lokacin bis ya yi. A fitar da tarakta fili. A fitar da giya, a ja birki, a sa dutse a ƙafa, a sauke garma ƙasa. A bar inji ya yi zafi kamar minti 15, don inji mai sanyi yana son mai da yawa, in ka daidaita shi a haka zai yaudare ka. A tabbata an mai da cok, wato abin da ake ja da safe don rage iska.

Kafin komi, a kashe inji, a shigar da bis mai tsini a hankali da yatsu biyu bisa turnabis, ana ƙirga zagaye, har ya taɓa ƙasa. Da ya taɓa, a tsaya. A rubuta lambar. Wannan lamba ita ce hanyar komawa gida in an ɓace. Sa'an nan a mai da shi inda yake. In an riga an dagula shi, ba a san inda yake da ba, a fara daga zagaye 1 ko 1 da rabi, nan ne yawancin tsofaffin taraktoci ke tashi. A tada inji. A rage gudu da bis na ɗaya har inji ya yi ƙasa amma bai mutu ba. A koma ga mai tsini, a murɗa kwata ɗin zagaye, a cire hannu, a ƙirga zuwa 10, a saurara. Inji ba ya amsawa nan take. A ci gaba ta gefe ɗaya har murya ta fara rawa, a komo ta ɗaya gefen har ta sake rawa. Wurin da ake nema yana tsakani, inda murya ta fi daɗi, bugu yana bin bugu kamar luguden mata biyu da suka saba da juna. Daga nan a sake daidaita gudu. Irin waɗannan taraktoci suna zama wajen zagaye 400 zuwa 500 a minti. Ƙaramin injin ban-ruwa ya fi haka nesa, da yawa wajen 1400, kada a ce sai ya yi sanyin tarakta. Gwaji na ƙarshe: a ba da wuta da sauri. In inji ya amsa ba tari, ba baƙin hayaƙi, an gama.

Na ce a fitar da tarakta fili, kuma wannan ba maganar wasa ba ce. Cikin hayaƙin isansi akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. In mai ya yi yawa a damu, gubar tana ƙaruwa, wato daidai lokacin da mutum ya sunkuya yana gyara. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mutum yana cewa bari in ɗan zauna, daga nan sai barcin da ba a tashi. Masu lambu su ji wannan da kyau. In ruwa ya yi nisa, ana saukar da inji cikin rami ko cikin rijiya don ya iya ja. Kada kowa ya sauka ya daidaita ralanti a can ƙasa inji yana tafiya, kada kuma a sauka da an kashe shi, sai iska ta sake. In wani ya faɗi a ciki, mai gaggawar bin sa shi ne na biyu. A kashe inji, a kira jama'a, a ɗaura ma mai sauka igiya. Wanda aka fitar a kai shi likita ko da ya farfaɗo.

Akwai kuma masu zuƙar isansi da baki ta tiyo, ko su hura kafar karburata da leɓe. In isansi ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana ƙona shi. Wanda ya haɗiya, babba ko yaro, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa mai ko nono da sunan magani. Amai ne ke kai shi huhu. A tafi da shi likita. Ga kuma fanka da bel suna juyawa kusa da hannun mai gyara. Babbar riga da rawani da jelar mayafi a tuɓe su a ajiye. Taba kuwa ba sai an faɗa ba. Wanda ke tada inji daga ƙasa, yana haɗa wuta da turnabis, ya sani in giya tana ciki, babbar ƙafar baya shi za ta fara takawa. Masu ƙera ƙaramar Ferguson sun san haka, shi ya sa suka sa ana tada ta da sandar giya kanta, don kada ta tashi da giya a ciki.

Na san abin da wasu makanikai za su ce: manomi ya bar abin da bai sani ba, ya kira mai sana'a. Suna da gaskiya rabi. Amma makanike yana birni, tarakta tana ƙauye. Daminarmu wata 3 ce zuwa 4, kuma laimar ruwan shuka ba ta jiran wanda ya tafi neman mai gyara. Kwana 3 da tarakta za ta yi a tsaye, gonaki nawa suka bushe? Wasu kuma za su ce a yar da tsohuwa a sayi sabuwa. Mai wannan magana bai tambayi kuɗin sabuwa ba.

Abin da nake kira gare shi shi ne kowace ƙungiyar manoma mai inji ta zaɓi mutum ɗaya, namiji ko mace, daga cikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. A biya makanike kuɗin yini ɗaya ya zo ya nuna masa bis biyun nan a jikin injinsu, ya gaya masa wanne gefe ke ƙara mai. A saya masa littafin rubutu. A ciki ya sa ranar da aka wanke matata, da ranar da aka sake man inji, da lita nawa aka zuba, da awa nawa aka yi aiki, da zagaye nawa bis yake. Bayan wata ɗaya littafin zai nuna ko shan mai ya ƙaru, tun kunne bai ji ba. Zai kuma rage gardamar da ake yi ranar taro bisa inda mai ya tafi. Turnabis ya zauna wurin mai littafi. Malaman yaƙi da jahilci ma suna iya ɗaukar wannan lissafi na lita da awa su yi darasi da shi a aji.

Mai littafi kuma ya san iyakarsa. In ya murɗa bis mai tsini zagaye guda ta kowane gefe, murya ba ta sake ba, kafar ciki ta toshe, sai an kwance karburata an wanke. In isansi yana ɗiga daga bakinta inji yana kashe, ɗan tulun da ke yawo bisa mai a ciki ya huje, ko allurarsa ba ta rufewa. In ya kama sandar ƴar ƙofar nan ya ji tana girgiɗi, ta cinye, iska tana shiga ta nan, ralanti ba zai zauna ba ko an kwana ana murɗi. A waɗannan uku sai ya rufe famfon mai, ya rubuta abin da ya gani, ya aika ma makanike takardar tun kafin ya taso, don ya zo da kayan da suka dace.